Addu'a da Harsuna da Addu'a da Harshen Gida

A shekarar 1900 akwai mutum biyu da ba su san juna ba, teku na tsakaninsu, amma abu ɗaya ke hana su barci: yaya mutum zai kai bishara ga al'ummar da ba ya jin yarenta? Ɗayansu likita ne ɗan Ingila, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Tun kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawan da ke can, yana tsintar Hausa daga bakinsu. A wannan shekara ce ya biyo ayarin Bishop Tugwell har Kano, Sarki Alu ya ƙi yarda su zauna, suka juya suka yada zango a Girku. Sai a 1905 ya samu ya zauna cikin birnin Zariya. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa, wanda shi ya ja ragamar fassara shi tare da abokan aikinsa, bai fito ba sai 1932.

Ɗayan kuma Charles Parham ne, wani mai wa'azi a Amurka, wanda ya buɗe 'yar makarantar Littafi Mai Tsarki a garin Topeka na jihar Kansas a watan Oktoba na 1900. Shi ya gaskata cewa lokaci ya ƙure, Almasihu na dab da dawowa, babu sauran zama ana haddar nahawun baƙon yare. Allah da kansa zai sa harsunan duniya a bakin masu bi, kamar yadda ya yi a ranar Fentikos. Ranar 1 ga Janairu 1901 wata ɗalibarsa, Agnes Ozman, ta roƙi a ɗora mata hannu a yi mata addu'a, sai bakinta ya ɓalle da wata magana da ba wanda ya gane. Parham ya ce Sinanci ne.

Ba a jima ba aka gwada maganar tasa. Alfred Garr, wani fasto a Los Angeles, ya yi magana da harsuna a 1906, ya kuma sakankance cewa harshen Bengali Allah ya ba shi. Ya ɗauki matarsa Lillian suka hau jirgin ruwa sai Kalkata. Da ya buɗe baki, sai ya tarar mutanen garin ba sa gane abin da yake faɗa. Garr bai ɓoye ba, daga baya ya rubuta cewa bai ga ko mutum ɗaya da ya iya yi wa mutanen wata ƙasa wa'azi da harshen da ya samu ta wannan hanya ba. Da suka wuce Hong Kong, da tafinta ya yi wa'azinsa. Da wata tafiyar ce, da a nan ta tsaya. Amma waɗanda suka ɗanɗana abin ba su yarda cewa banza ne ba. Sannu a hankali suka sauya bayaninsa: ba harshen wa'azi ga mutane ba ne, harshen addu'a ne tsakanin bawa da Ubangijinsa. A kan wannan fahimta ce yawancin masu yinsa suke har yau.

Wanda ya sa wutar ta bazu ba Parham ba ne, almajirinsa ne William Seymour, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi daga Louisiana, mai ido ɗaya. A Houston, saboda dokar wariyar launin fata, daga wajen aji yake sauraron karatun Parham. A Afrilun 1906 ya fara taro a wani tsohon gini mai lamba 312 a titin Azusa a Los Angeles, ana sujada dare da rana har kusan shekara uku, baƙi da farare suna durƙushe wuri ɗaya, abin da ya girgiza Amurka ta wancan zamani. Parham kansa ya zo ya gani ya yi tir da shi. Daga nan abin ya kama hanya. A 1960 ya shiga cocin Angilika ta Amurka ta hannun wani limaminta, Dennis Bennett, a 1967 kuma ya shiga Katolika ta wurin ɗaliban jami'ar Duquesne. A Najeriya, bayan yaƙin basasa, falkaswar da ta kama ɗaliban jami'o'i da makarantun sakandare a shekarun 1970 ita ta kai shi lungu-lungu, 'yan hidimar ƙasa da 'yan kasuwa da ma'aikata suka haura da shi Arewa. Cocin Living Faith ta David Oyedepo ma a Kaduna ta fara a 1983. A lokacin kuwa majami'un da suka fito daga hannun 'yan mishan, irin su ECWA da COCIN da EYN da Angilika, sun riga sun yi shekaru suna sujada da Hausa, da Littafin Waƙoƙi a hannu, suna kallon sabon abin da ɗari-ɗari.

To, ga addu'a iri biyu a cikin gida ɗaya, wani lokaci ma a cikin iyali ɗaya: uwa tana Zumuntar Mata, ɗanta yana kwana a wurin addu'ar dare.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan taro ba, ga yadda yake. Bayan an sha waƙa jiki ya yi zafi, mai jagora zai ɗaga murya ya ce kowa ya buɗe bakinsa ya yi addu'a cikin Ruhu. Nan take ɗakin zai cika da ƙara. Wani yana kai da komo hannu a dunƙule, wata ta durƙusa goshinta a kan benci, wani saurayi ya jingina da bango idonsa a rufe, hawaye na bin kumatunsa. Abin da ke fita bakinsu gaɓoɓin sauti ne masu gudu, suna hawa suna sauka kamar zance, wasu suna ta maimaituwa. Mai yi bai san ma'anarsu ba, bai kuma yi da'awar ya sani ba. Ba a sume yake ba. In aka kaɗa ƙararrawa ko mai jagora ya ce cikin sunan Yesu, zai tsaya cak ya ce amin tare da kowa. Wannan ya kamata a lura da shi, don wasu dattawanmu da suka baro addinin gargajiya sukan ce abin yana tuna musu da hawan bori. Tsoronsu yana da dalili, amma wanda bori ya hau yakan tashi bai san abin da ya faru ba, mai addu'a da harsuna kuwa yana sane da inda yake, yana iya farawa yana iya dainawa.

Ɗaya addu'ar kuma ita ce wadda aka raine mu da ita. Fasto ya dubi jama'a ya ce Baba wane zai kai mu gaban Ubangiji. Dattijo ya miƙe a hankali, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya yi gyaran murya. Zai fara da godiya don kwanan lafiya. Zai ambaci ruwan sama, ko a roƙa ko a gode. Zai kira sunan maras lafiyan da ke kwance a asibiti, da matar da ta haihu jiya, da yaran da ke rubuta jarrabawa, da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, da masu mulki. A kowace gaɓa ikilisiya tana amsawa da amin, wani amin ɗin a hankali, wani kuma da nauyi, gwargwadon yadda maganar ta taɓa mutane. Matar da aka ambaci mijinta maras lafiya takan sunkuyar da kai ta share ido da bakin gyale. Ta ji da kunnenta cewa jama'a sun ɗauki nauyinta.

Kowane ɓangare yana kafa hujja da Littafi, kuma wuraren da ake jayayya a kansu ba su da yawa. Na farko shi ne sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni. Kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa, wato ranar Fentikos, almajirai suna tare a Urushalima, Ruhu Mai Tsarki ya sauko, suka fara magana da waɗansu harsuna. Garin cike yake da baƙi masu ziyara, Luka ya jera inda suka fito, har da Masar da yankin Libiya da Roma da Karita da ƙasar Larabawa. Abin da ya ba su mamaki shi ne kowa ya ji ana yabon Allah da yaren da aka haife shi a ciki. Wasu suka ce buguwa ce, Bitrus ya tashi ya ce ƙarfe tara na safe ne kawai, sannan ya yi wa'azi da harshen da taron ke ganewa, mutum wajen dubu uku suka ba da gaskiya. Abin ya sake faruwa a gidan Karniliyas, jarumin sojan Roma a Kaisariya, da kuma wurin mutum wajen goma sha biyu a Afisa. A Urushalima dai, mu'ujizar ita ce an gane.

Na biyu shi ne Koranti, kuma a can hoton ya bambanta. Birni ne na fatauci mai tashar jiragen ruwa biyu, inda Manzo Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi yana kafa ikilisiya. Bayan tafiyarsa labari ya same shi a Afisa cewa taronsu ya zama hayaniya, kowa na nuna baiwarsa. Surori uku ya ware wa maganar a wasiƙarsa ta fari, daga 12 zuwa 14. A can ya bayyana cewa mai magana da harshe da Allah yake yi, ba da mutane ba, ba kuwa mai gane shi sai an fassara. Wannan ya fi kama da abin da muke gani yau. Kuma duk wanda ya karanta surorin da zuciya ɗaya zai ga Bulus ya ƙi ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara. Ya ce shi kansa ya fi su duka magana da harsuna, yana kuma gode wa Allah a kan haka. Ya hana a hana. Amma ya ce a cikin taro ya gwammace 'yan kalmomi biyar da za su koya wa wani abu da dubu goma da ba a ganewa. Ya kawo misalin ƙahon yaƙi: in sautinsa bai fita sarai ba, ba sojan da zai ɗaura ɗamara. Ya yi tambayar yadda wanda bai gane ba zai ce amin. Ya yi kashedi cewa baƙo in ya shigo ya tarar kowa na yi a lokaci ɗaya, cewa zai yi sun haukace. Sannan ya kafa doka mai sauƙin ƙirgawa: mutum biyu, in ya yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya, wani ya fassara. In babu mai fassara, mutum ya yi shiru a taro, ya yi tsakaninsa da Allah.

Masu cewa baiwar ta ƙare tun zamanin manzanni suna da manyan magabata. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin ƙarni na huɗu, da ya zo bayanin waɗannan surori ya ce suna da duhu domin abubuwan da suke magana a kai sun daina faruwa. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ce alama ce da ta dace da lokacinta ta kuma wuce. A zamanin nan B. B. Warfield ya rubuta littafi a kan haka a 1918, John MacArthur kuma ya tara babban taro a 2013 yana sukar harkar gaba ɗaya. Ina girmama taka-tsantsan ɗinsu, amma ban ga inda Littafi ya sa ranar rufewa ba. Inda Bulus ya ce harsuna za su shuɗe, ya haɗa shi da ranar da za mu ga Allah fuska da fuska, wannan rana kuwa ba ta zo ba tukuna.

Masu bincike ma sun sa baki. William Samarin, masanin harsuna a jami'ar Toronto, ya yi shekaru yana ɗaukar muryoyin masu yi a ƙasashe dabam-dabam, ya fitar da littafinsa a 1972. Abin da ya samu shi ne sautukan galibi daga yaren da mai maganar ya riga ya sani suke fitowa, an harhaɗa su gaɓa-gaɓa da kari da hawa da sauka irin na zance, amma babu nahawu, babu kalmar da ke ɗauke da ma'ana tsayayya. Duk da haka bai kira masu yi maƙaryata ko masu taɓin hankali ba. A 2006 Andrew Newberg na jami'ar Pennsylvania ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata biyar, sau ɗaya suna rera waƙar yabo, sau ɗaya suna addu'a da harsuna. Ya ga sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai tsara magana da sarrafa ta, ya rage aiki a lokacin harsunan. Mutum biyar ba su isa a gina gida a kansu ba, kuma na'ura ba ta iya cewa Ruhu ne ko ba Ruhu ba ne. Sai dai sakamakon ya yi daidai da abin da masu yi ke faɗa da bakinsu, cewa ba su ke zaɓen abin da zai fita ba.

A nan ne nake ganin ƙarfin addu'a da harsuna yake, kuma bai kamata 'yan tsofaffin majami'u su yi masa dariya ba. Akwai ranar da magana takan ƙare wa mutum. Na san wata mata da ta rasa mijinta da ɗanta a rana ɗaya cikin rikicin da ya ci ƙauyensu. Ta ce mini ta yi watanni in ta durƙusa ba ta san me za ta ce wa Allah ba. In ta ce na gode, zuciyarta ta ce ƙarya kike. In ta ce don me, sai ta ji tsoron saɓo. Abin da ya riƙe ta a gaban Allah a waɗannan watanni shi ne wannan addu'ar da ba ta bukatar ta zaɓi kalma. Takan rufe ƙofa ta yi ta yi har kuka ya zo, bayan kuka barci ya zo. Wane ne ni da zan ce mata abin da ta yi ba addu'a ba ne? Bulus ya gaya wa Romawa cewa ba mu san yadda ya kamata mu roƙa ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Malamai sun yi saɓani ko harsuna yake nufi a wurin, amma gaskiyar da ke ciki ta tsaya: Allah ba ya jiran jimla ta cika kafin ya ji. Eli firist ma da ya ga leɓunan Hannatu na motsi babu murya, cewa ya yi ta sha ta bugu, alhali ita ce mai addu'ar gaske a Haikalin ran nan.

Akwai kuma wani alheri da ba a cika faɗa ba. A addu'ar fili, wanda ya iya baki shi ake ba dama. Mai ilimi, mai shekaru, mai muƙami, su ake kira su yi wa jama'a addu'a, kuma galibi maza ne. Addu'a da harsuna ba ta tambayar takardar makaranta. Mai wankin mota da farfesa suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya fi wani nahawu. Ba banza ba ne abin ya fara kama talakawa da mata da 'ya'yan bayi a titin Azusa, ba banza ba ne kuma matasanmu suke gudu can. Sau da yawa abin da suka baro shi ne addu'ar da ta zama hadda, wadda yaro ɗan shekara goma zai iya ƙarasa wa dattijo ita tun kafin ya kai tsakiya. Wani ma yakan mai da addu'a wa'azi, ido a rufe yana yi wa maƙwabcinsa habaici. Addu'ar da ake ganewa tana iya mutuwa a tsaye, kowa na cewa amin, ba wanda zuciyarsa ke wurin.

Amma in aka zo taron jama'a, ma'aunina ya rinjaya wajen addu'ar harshen gida, kuma ba da kaɗan ba.

Mu a Arewa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan darajar ganewa. Najeriya tana da yare fiye da 500, kaso mai yawa daga cikinsu a Filato da Bauchi da kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba suke. A majami'a ɗaya za ka sami Bajju da Angas da Tangale da Bura da Bahaushe, Hausa ce ta tara su. In baƙon mai wa'azi ya zo da Turanci, tafinta na tsaye a gefensa, jimla na bin jimla. In tafintan ya yi tuntuɓe, za ka ji tsofaffin mata suna gyara masa daga benci. Mutanen da suka saba da wannan sun san cewa magana ba ta isa ba sai ta shiga kunne ta zauna. To, yaya za a ce a ranar Lahadi a riƙe makirfo minti goma ana zuba abin da ba mai fassarawa, jama'a na tsaye suna jiran a gama? Abin da ya ƙara dame ni shi ne yawancin majami'un da suka fi yin haka da Turanci suke sujadarsu. Tsohuwar da jikarta ta kawo ta daga ƙauye ba ta gane wa'azin ba, ba ta gane addu'ar ba, ta zo ta koma ba ta ce amin a kan komai da saninta ba. Amin kuwa sa hannu ne. Ba a sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Masu kare abin sukan ce ai lokacin da kowa ke yi tare, kowa da Allah yake magana, ba saƙo ne ga ikilisiya ba, don haka dokar mutum biyu ko uku ba ta shafe shi ba. Na yi ta juya wannan bayani, ban ga ya tsaya ba. Ainihin abin da Bulus ya yi kashedi a kai ke nan, ikilisiya duka ta taru kowa na yi lokaci ɗaya baƙo ya shigo. Mu kuwa baƙonmu ba na labari ba ne. Maƙwabcinmu Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba mu, lasifika na kai masa duk abin da muke yi har cikin ɗakinsa da ƙarfe biyun dare. Da abin da ya ji zai auna bangaskiyarmu. In ya ji ana roƙa wa garin zaman lafiya, ana roƙa wa marasa lafiya sauƙi, ya san abin da muke. In kuwa ƙara kawai ya ji, shi zai cika ma'anar da kansa.

Addu'ar da ake ganewa tana da wata riba kuma: ana iya gyara ta. In wani ya tashi ya roƙi Allah ya kashe maƙiyansa, dattijo zai iya jan shi gefe bayan sujada ya tuna masa abin da Almasihu ya koyar game da maƙiya. Yara kuma daga bakin manya suke koyon addu'a, yadda ake godiya, yadda ake tuba, yadda ake roƙa wa wani kafin kai. Da almajirai suka ce wa Yesu ya koya musu addu'a, kalmomi ya ba su gajeru waɗanda ƙaramin yaro zai riƙe, har da roƙon abincin yini.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne inda aka mai da harsuna ma'aunin wanda yake da Ruhu Mai Tsarki. Wannan koyarwa daga Parham ta fito, cocin Assemblies of God da aka kafa a 1914 ta sa ta cikin ginshiƙan bangaskiyarta, cewa magana da harsuna ita ce alamar fari ta baftismar Ruhu. Tun a lokacin ba kowa ya yarda ba. F. F. Bosworth, ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa cocin da su, mai magana da harsuna ne shi kansa, amma ya fita a 1918 saboda ya ƙi yarda cewa ita kaɗai ce alama. Yana da gaskiya. Bulus ya jera tambayoyi a ƙarshen sura ta 12 ta wasiƙarsa ta fari zuwa Koranti, ko duka manzanni ne, ko duka malamai ne, ko duka ke magana da harsuna, kuma amsar kowacce a'a ce. Da ya zo lissafa wa Galatiyawa abin da Ruhu ke haifarwa a cikin mutum, ƙauna ya ambata da salama da haƙuri da kamun kai da 'yan'uwansu. Tsakanin surori biyun da ke maganar baye-baye kuma ya dasa sura ta 13, wadda ta ce ko da harshen mala'iku mutum yake yi, in babu ƙauna, ƙarar ƙarfe ce kawai.

Na ga abin da wannan koyarwa take yi wa yara. A wani taron matasa aka kira waɗanda ba su karɓa ba tukuna su fito gaba. Wata yarinya, ba ta wuce shekara goma sha biyar ba, tana tsaye mutum uku sun kewaye ta. Ɗaya ya dafa kanta, ɗaya yana yi mata tsawa a kunne ta saki harshenta, ɗaya yana faɗa mata gaɓoɓin da za ta maimaita da sauri da sauri. Waɗanda ke gefenta duk sun fara, ita kaɗai ta rage, gumi ya jiƙa mata riga. Can sai ta fara maimaita abin da aka ce, aka yi tafi aka ce ta karɓa. Fuskarta ba ta nuna farin ciki ba, ta nuna an sauke mata kaya ne kawai. Irin wannan yarinya hanya biyu ce a gabanta: ko ta ci gaba da yin abin da ta san kwaikwayo ne a gaban Allah, ko ta yanke cewa kowa ma kwaikwayo yake yi ta bar majami'ar da zuciyarta. Baiwa kyauta ce. Ba a koya wa almajirai gaɓoɓi a Urushalima ba, ba kuma wanda ya yi wa Karniliyas tsawa a kunne. Bitrus na cikin magana abin ya sauko, waɗanda suka zo tare da shi sai da suka yi mamaki.

Su ma tsofaffin majami'u suna da nasu alhakin. An sha dakatar da matasa daga ƙungiyar mawaƙa ko a hana su jibin Ubangiji don kawai an ji suna addu'a da harsuna a ɗakinsu, wani ma a ce aljani ne ya shige shi. Wannan ya saɓa wa umarnin Bulus kai tsaye, kuma ya kori yara masu ƙishin Allah zuwa hannun duk wanda ya buɗe musu ƙofa, na kirki da na banza. Da dattawa sun zaunar da su sun buɗe musu sura ta 14 tun daga farko har ƙarshe, da an rage yawan gidajen da uwa da ɗa ba sa iya durƙusawa tare.

A 2006 cibiyar bincike ta Pew ta yi tambaya a ƙasashe goma, har da Najeriya, a kan Kiristocin Fentikostal. A shida daga cikin ƙasashen, aƙalla huɗu cikin kowane goma na 'yan Fentikostal ɗin da kansu sun ce ba sa magana ko addu'a da harsuna sam. Waɗannan mutane suna nan a kan benci kowace Lahadi. Su ke share majami'a, su ke kai wa marasa lafiya abinci, su ke ba da baiko daga ɗan abin da suke da shi, wasu cikinsu sun binne 'yan'uwansu saboda sunan Almasihu ba su juya baya ba. In aka ce kowa ya yi addu'a cikin Ruhu, sukan sunkuyar da kai su yi tasu a hankali da Hausa ko da yaren iyayensu, da yawa kuma suna ɗauke da zargin kai cewa akwai abin da suka rasa. Ina so in ji fasto ya hau bagadi ya gaya musu a fili, da harshen da suke ji, cewa Ruhun da ke cikin mai harsuna shi ne a cikinsu, kuma ba sai sun fito gaba an sake ɗora musu hannu ba.